Teburin Lugga da Aninai Huɗu

Tun muna yara, a gidan kakanmu da ke cikin birnin Kano akwai wani ɗan tebur da ake ce wa teburin Lugga. Ba babba ba ne. Tsayinsa inci 28, samansa inci 24 a tsawo da 16 a faɗi, ƙafafu huɗu sirara, aljihu guda ɗaya. Irin wanda Turawa ke ajiyewa a gefen kujera ko gado su ɗora fitila ko littafi. Labarin da muka taso muka tarar shi ne daga Ingila aka zo da shi, Gwamna Lugga ya yi amfani da shi, ya yi ta bin hannun Turawa har ya faɗo hannun kakanmu, wanda ya daɗe yana aikin kuku a gidajensu a Nasarawa. Ba wanda ya taɓa neman hujja. Wa ma zai nema, tsoho ya riga ya faɗa?

Da aka raba gado teburin ya koma wajen gwaggona. Wata rana a ƙarshen damina ta aiko a kira ni, saboda na yi shekaru ina koyar da aikin katako kafin in yi ritaya.

Ta ce, "Ɗan nan, ga teburin Baba nan zai mutu a hannuna. Wani dillali ya zo har ya taya, wai kayan tarihi ne. Ni ba sayarwa zan yi ba. A gyara mini shi, a kuma gaya mini gaskiyar shekarunsa."

Halin da na same shi ba daɗin gani. An shafe shi kaf da shuɗin fenti mai sheƙi irin na ƙofar shago, har hawa biyu. An liƙa masa fomeka a sama, fomekar ta tsage gida biyu, katakon da ke ƙarƙashinta ya bankare. Ƙafar baya ta hagu ta gajarce, gara ta cinye ƙasanta, an tokare ta da guntun tayil. Ta gaba ta dama tana rawa duk da ƙusoshi uku da wani ya danna mata. Aljihun sai da kokawa yake fita, mariƙinsa na alminiyom ne irin na kabad ɗin kicin, gindinsa kuma filawud.

Na ɗora shi a a-daidaita-sahu na kai shagon wani tsohon kafinta a unguwarmu, wanda kowa ke ce wa Baba, mutumin da ya koyi sana'a tun kafin injin goge katako ya zama ruwan dare. Muka yi sati guda ba mu sa masa komai ba sai ido da tocila da wayar ɗaukar hoto. Duk gyaran da aka fara kafin a gama bincike, shaida yake sharewa.

Shaidun da suka so yaudarata

Salo na fara dubawa. Ƙafafun masu kusurwa huɗu ne, suna sirancewa zuwa ƙasa, babu sassaƙa ko wani ado. Wannan yayi ne na Ingila da ake dangantawa da Thomas Sheraton, wanda ya mutu a 1806, aka kuma sake farfaɗo da shi a ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya da zamanin ɗanta Edwad na Bakwai, wato 1901 zuwa 1910. Ashe dillalin bai taya a banza ba, ya ga wani abu. Sai dai a cikin shaidu babu mai rauni kamar salo. Yau ma kafintan Kano hoton gadon Turkiyya ake nuna masa a waya ya ƙera, na da kuma a kundin tallar kaya suke gani su kwaikwaya.

Daga nan na zare aljihun na duba kusurwoyinsa, inda gaba da gefe suke cije da juna da haƙora, waɗanda Turawa ke kwatantawa da wutsiyar kurciya. Littattafan da na karantar da su sun ce idan haƙoran daidai wa daida suke, inji ne ya yanka, aikin kuwa na wajen 1900 ne zuwa sama. Idan sun saɓa, aikin hannu ne, ya girmi haka. Namu haƙora uku ne a kowace kusurwa, babu biyu masu faɗi ɗaya, ga layin da aka ja da wuƙa kafin yanka yana nan, ga inda zarto ya ɗan zarce. Na leƙa ƙarƙashin saman teburin na ga sawun zarto a karkace, ba a jere ba, irin na zarton mutum biyu, ɗaya a rami ɗaya a sama. A lissafin Ingila wannan sawu ya fi haƙoran ma nuna tsufa. Gabana ya fara faɗuwa don murna.

Baba ya karɓi aljihun ya jujjuya, ya yi dariya.

"Malam, ni da hannuna na yanka irin haƙoran nan har zamanin Shagari. Wane inji muke da shi? Zarton ramin nan kuwa, katakon da muke saye ina yaro duk da shi ake tsaga shi a kurmi."

Wannan magana ita ta juya binciken gaba ɗaya. Ƙa'idojin da ke cikin littattafan nan gaskiya ne, amma agogon masana'antun Ingila suke bi. Idan a nan ƙasar aka yi teburin, aikin hannu ba ya nufin komai game da shekaru, tunda an ci gaba da yinsa shekaru tamanin bayan Landan ta koma inji. Kenan kafin in tambayi yaushe, dole in fara tambayar a ina.

Sukurun da ke jikinsa ma ba su ƙara mini da yawa ba. Na asalin duk masu tsaga ɗaya ne a kai, bakinsu da tsini, murɗinsu sumul kamar an zana, wato aikin inji. Irin wannan sukuru mai tsini ya fara ne da injin da wani Ba'amurke, Thomas Sloan, ya yi wa rajista a 1846, kamfanin Nettlefold na Bamingam kuma ya sayi izinin amfani da shi a 1854. Saboda haka teburin bai girmi tsakiyar ƙarni na 19 ba, abin da dama ba wanda ya yi musu. Wani abin dariya a nan: a wannan kamfanin sukuru ne Joseph Chamberlain ya tara dukiyarsa, kuma shi ne ya zama ministan ƙasashen mulkin mallaka daga 1895 zuwa 1903, shi ya ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897. Na gaya wa Baba, ya ce to ai ga dangantakar teburin da Lugga ta fara fitowa. Sukuru masu kan gicciye guda biyu da ke riƙe da mariƙin alminiyom kuwa na baya-bayan nan ne, irinsu bai bazu ba sai daga shekarun 1930, kuma ramukansu sabbi ne.

Katakon da aka ɓoye

Fenti bai shiga cikin aljihu ba, a nan na ga katakon tsirara: ja mai duhu, jijiyarsa a saƙe, tana ba da layi-layi idan haske ya doke ta. Mahogani ne. Amma wannan kaɗai bai raba gardama ba, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 ake lodin gungumen mahogani daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Libaful, masana'antun Ingila suna aiki da shi. Tebur zai iya zama ɗan Landan da katakon kurmin Binin.

Inda asirin yake shi ne wuraren da ido ba ya kaiwa. Kafintan Ingila ba ya ɓarnar mahogani. Gefen aljihu da bayansa da gindinsa, da 'yan guntayen da ke tallafe da kusurwa, yakan yi su da katako mai araha, kamar ok ko fayin. Sau da yawa ma fuskar da ake gani siririn mahogani ne aka liƙa kamar fata a kan wani katako. Namu kuwa ko'ina mahogani ne zalla, har katakon baya da ke fuskantar bango, har 'yan guntayen ciki. Wanda ke sayen mahogani da tsada ba zai ɓoye shi a bayan aljihu ba. Wannan aikin mutumin da mahogani ne katakon da ke zube a gabansa.

Saura tambaya ɗaya. Muna da namu mahoganin a Arewa, maɗaci, wanda ake jiƙa ɓawonsa don magani. Ɗan uwan na kurmi ne, amma ya fi shi nauyi da tauri nesa ba kusa ba. Hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce sikeli, sai dai dole a raba saman teburin da jikinsa. Muka ɗora tsumma a kan fomekar muka bi da dutsen guga mai ɗumi, gam ɗin robar da ke ƙasa ya saki, muka ɗaga ta kaɗan-kaɗan. Nan muka ga ƙusoshi shida da aka buga ta sama suka shige jikin teburin. Muka zare su. Ta ciki kuma sukuru huɗu ne ke riƙe da saman, kowanne da washa a wuyansa, duk datti da gidan zanzaro sun rufe su. Na kwance su na jefa a gwangwani da kananzir, ban ko dube su ba.

Saman ya tashi kilo 2.5 a sikelin mai shagon da ke maƙwabtaka. Kaurinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, girmansa duka kusan santimita kubik 4,700, wato kowane santimita ɗaya ya ɗan haura rabin giram. Da maɗaci ne da ya doshi kilo uku da rabi. Na kurmi ne. Katakon kurmi kuwa, ko tebur da aka ƙera da shi, bai zama abin da ake kawowa Kano a saukake ba sai da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kuma haɗe layin da Ikko a 1912. Zaman Lugga na farko a Arewa, 1900 zuwa 1906, ya fita daga lissafi. Amma ya dawo a 1912 ya zauna har 1919, don haka labarin gidanmu yana da sauran numfashi.

Da muka kankare gidajen zanzaro daga cikin katakon baya, sai ga haruffa an buga da ƙarfe: W da D, da wata lamba da ta shafe. Nan ma sai da na yi taka-tsantsan. Kayan sojan Ingila suna ɗauke da W da D, amma da hoton kan kibiya a tsakaninsu. Namu ɗigo ne a tsakani. Da dare na kashe wuta na kwantar da hasken tocila a jikin katakon, sai inuwar cikin harafin P ta fito a gaban W. PWD kenan, Sashen Ayyuka na gwamnatin mulkin mallaka, wanda shi ke gina gidajen ma'aikata ya kuma zuba musu kujeru da gadaje da tebura. Teburin ba na wani Bature ba ne, na gida ne. Wannan ya tafi, wancan ya zo ya tarar da shi. Maganar kakanmu cewa ya bi hannun Turawa da yawa ta tabbata, ta wata fuskar da bai zata ba.

Abin da ke cikin gwangwani

Bayan kwana uku na tuna da gwangwanin. Na zuba a tsumma na fara gogewa, sai tauraro mai tsini shida ya bayyana a jikin washa ta farko. Ba washa ba ce. Anini ne.

Matasa ba su san shi ba. Anini goma ke yin kwabo, kwabo goma sha biyu sule. Kuɗin Afirka ta Yamma ne na zamanin Turawa, da huji a tsakiya don a zura a zare, gefe ɗaya tauraro da shekara, ɗaya gefen kambi da sunan sarki da ɗan rubutun Larabci. An yi shi da gamin tagulla da nikel, ba ya tsatsa. Kafinta da ke buƙatar washa, ga anini a aljihunsa da hujinsa a shirye, me zai kai shi kanti? Uku daga ciki na zamanin Sarki Joji na Biyar ne, sun sha hannu sun siɗe. Na huɗun rubutunsa garau: EDWARDVS VIII, 1936.

Edwad na Takwas ya hau gadon sarauta a Janairun 1936 ya sauka a Disambar shekarar. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma an buga na Afirka ta Yamma, tunda kuɗi mai huji ba ya buƙatar hoton fuska. Shekara ɗaya tak aka yi shi.

Ban yi saurin yanke hukunci ba, don anini zai iya shiga a wajen gyara, shekaru bayan an ƙera teburin. Muka koma kan katakon. A ƙarƙashin saman, kowane sukuru rami ɗaya gare shi, babu tsohon rami da aka bari. Inda kowane anini ya zauna katakon fari ne tas, da'irar daidai da faɗinsa, kewayenta kuwa ya yi duhun shekaru. Da teburin ya yi shekara ashirin kafin a sa su, da wurin ya yi duhu shi ma, ko a ga sawun wata washa daban. Kuma tsagar kan sukurun ba ta da ƙwarzane ko ɗaya sai wanda ni na yi. Aninan nan tun ranar farko suke wurin.

Baba ne ya lura da dalilin sa su. Guntayen katakon da sukurun ke ratsawa ba ramin da'ira aka huda musu ba, dogon rami ne, an ja shi ta faɗin teburin. Katako ba ya ƙaruwa ta tsawo, amma ta faɗi yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, lokacin da laimar iskar Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya ƙera teburin ya san haka. Ya bar wa saman hanyar da zai riƙa zamewa, ya sa anini don kada kan sukuru ya faɗa ramin. Baba ya daɗe yana shafa wurin da yatsa, sannan ya ce, "Wannan ya san hunturu." Mai gyaran da ya zo daga baya ya buga ƙusa shida ya ɗaure katakon tamau, ya toshe masa fuska ɗaya da fomeka, shi ya jawo tsagewar da bankarewar. Ruwa ba ya tsami banza.

Hukuncina kenan: an yi teburin a Nijeriya, da mahoganin kurmi, don gidan gwamnati, ba kafin 1936 ba. Tunda aninin Edwad bai sha hannu ba, kuma babu filawud a ainihin ginin teburin, alhali masana'antar filawud ta Sapele ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1940, na fi karkata ga tsakanin 1936 da farkon shekarun 1940. Iyakar ƙasa tabbas ce, ta sama kuwa ra'ayina ne.

Na je na gaya wa gwaggo cewa Lugga ya bar ƙasar nan da aƙalla shekara 17 kafin a ƙera teburin, kuma a ƙa'idar 'yan kasuwar kayan da na Turai da Amurka sai abu ya cika shekara ɗari yake shiga sahun kayan tarihi, namu sai 2036 ko bayanta. Ta yi shiru tana juya aninin a tafinta.

Ta ce, "To, Babanmu bai yi ƙarya ba, shi ma gaya masa aka yi. Rabon da in ga anini tun ina budurwa. A ci gaba da gyara."

Gyaran

Sharaɗi biyu muka kafa wa kanmu. Duk abin da za mu ƙara ya zama wanda na bayanmu zai iya cirewa ba tare da ya ji wa katakon ciwo ba. Duk abin da yake na asali kuma a bar shi, sai in ya zama dole.

A ƙarƙashin leɓen saman akwai inda burushin mai fenti bai kai ba. Na ɗiga sifirit a auduga na dangwala, wurin ya yi danƙo, audugar ta yi ruwan ƙasa. Shalak kenan, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a bishiyoyin Indiya da Tailan, wanda sifirit ke narkarwa ko ya shekara ɗari. Mun yi sa'a mai fentin malalaci ne, bai goge teburin ba kafin ya shafa, fentin ya zauna a kan shalak da kaki bai kama sosai ba. Da tsohon katin banki muka riƙa ɓamɓare shi, muna jiƙa wurin don kada ya yi ƙura. Samfefa na haramta gaba ɗaya, saboda tsohon fenti mai sheƙi yakan ƙunshi dalma, wanda ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Sati uku wannan ya ci.

A nan aka yi ɓarnar da har yau take damuna, laifin kuma nawa ne, don Baba na gaya wa ban gaya wa yaron shagonsa ba. Mun tafi masallacin Juma'a, yaro ya ga manya suna wahala da kati, ya ɗauki samfefa don ya taimaka. Kafin mu dawo ya goge wuri kamar faɗin tafin hannu a gefen dama, ya yi fari fat. Launin tsohon katako a fatarsa kawai yake, bai kai kaurin milimita ɗaya ba, shekaru da haske ne suka yi shi. Muka rufe sauran jikin muka bar wurin yana shan hasken taga har sati huɗu, tunda mahogani yana duhu da haske, sannan na bi shi da ruwan shayi mai kauri. Ya matso, amma wanda ya san wurin zai gane shi.

Gam ɗin asali na fata ne, irin wanda ake dafawa. Duk wanda ya ci ganda ko farfesun ƙafar saniya ya ji yatsunsa suna mannewa ya san shi. Ana jiƙa shi ya kumbura, a ɗora gwangwaninsa cikin tukunyar ruwan zafi, kada ya wuce awo 60 a ma'aunin zafi, in ya tafasa ƙarfinsa ya tafi. Falalarsa ita ce ɗumi da laima suna sake kwance shi, sabo kuma yana kama tsoho. Farin gam na zamani ba ya haka, shi ya sa wanda aka ɗura wa ƙafar gaba bai riƙe komai ba, ya dai cika ramin da ƙolo. Muka zare ƙusoshin, muka kankare farin gam da ruwan ɗumi da cizal, muka tarar harshen katakon da ke shiga ramin ƙafa ya tsuke. Baba ya fere siririn mahogani kamar takarda ya liƙa masa a kumatu har ya cika ramin. Muka ɗaure da robar tayar keke, muka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu har awon ya zo ɗaya.

Ƙafar da gara ta ci, sai da muka tabbatar babu mai rai a ciki. Muka tsayar da teburin a kan farar takarda sati biyu, ko ƙwayar gari ba ta zubo ba, don haka ba mu sa magani ba. A 'Yan Katako ta Na'ibawa na samo tsohon firam ɗin taga na mahogani wajen masu sayar da na hannu, saboda sabon katako bai gama bushewa ba, launinsa ma ba zai zo ɗaya ba. Baba ya yanke ruɓaɓɓen wurin a karkace, tsawon inci huɗu, ya yanka sabon guntu da karkata iri ɗaya. Kai da kai gam ba ya riƙe katako, sai gefe da gefe.

Saman kuwa ashe alluna biyu ne, tsagar ta bi ainihin layin da aka haɗa su. Muka kifa su a kan jiƙaƙƙen buhu na 'yan awoyi muna dubawa, sannan muka jera su a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, bulo a kai, sati uku. Sun miƙe, saura kamar milimita biyu. Baba ya so ya bi da filen ya ƙarasa, na hana, don abin da ya faru a gefen dama ya ishe ni darasi. Ramukan ƙusa shida muka toshe da 'yan tsinken mahogani.

Tabo biyu ne a fuskar: baƙar da'ira inda aka daɗe ana ajiye kwanon ƙarfe mai laima, da ƙuna inda fitilar ƙwai ta taɓa faɗuwa. Ni na so a bar duka biyun. Gwaggo ta ce ita ba ta ga tarihi a dattin kwano ba. Teburinta ne. Na cire da'irar da ruwan sinadarin okzalik, wanda ke cinye baƙin da ƙarfe ke bari a katako, na wanke wurin sau uku. Ƙunar kuwa sai an ƙwaƙule katako za ta fita, da na nuna mata zurfinta ta haƙura.

Gindin aljihun filawud ne da aka buga da ƙusa ta ƙasa, shi ke tirjewa. A gefunan aljihun ga kwarmin da ainihin gindin ke zamewa a ciki yana nan. Daga ragowar firam ɗin tagar muka yi sabo, muka zura ta baya, sukuru ɗaya a dogon rami, kamar yadda mai teburin ya koya mana. Muka goga kyandir a inda aljihun ke gudu. Inuwar tsohon mariƙi, 'yar da'ira kamar kwabo, ta fito bayan fenti ya tafi, da awonta wani maƙerin tagulla ya zuba mana sabo.

Shafin ƙarshe ya faɗo a Disamba. Na jiƙa giram 120 na ɓawon shalak a lita ɗaya ta sifirit ya kwana, na tace da tsohon kallabi. Da damina shalak yakan yi hazo fari saboda laima, da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Sai mu yayyafa ruwa a daɓen shago bayan sallar asuba, mu yi shafi kafin iska ta taso. Auduga ake naɗewa a farin ƙyalle, a riƙa zagayawa da sauri ba tsayawa, in ka tsaya ya kama. Shafi shida marasa kauri cikin kwana huɗu, hutun sati biyu, sannan kakin zuma. Masu wucewa suna ta tambaya yaushe za a sa banish ya yi ƙyalli kamar madubi. Banish ɗin roba na yanzu in ya hau ba ya sauka da sauƙi, shi ya sa bai hau ba.

Aninan huɗu suka koma mazauninsu, kowanne a da'irarsa, na Edwad a kusurwar baya ta dama inda na ciro shi. Ban ɗaure sukurun tamau ba. A cikin katakon baya, nesa da haruffan PWD, na rubuta da fensir abin da muka canja da shekarar da muka yi. Filawud ɗin da mariƙin alminiyom na sa a leda na ba gwaggo. Aikin duka ya ci wata uku da rabi.

Yanzu yana ɗakinta a kan tayil, an ɗan janye shi daga bango saboda gara. A Fabrairu, ana tsakiyar bushewa, na auna faɗin saman na ja ɗan layi da fensir a gefen kowane anini. Da na koma a ƙarshen Agusta faɗin ya ƙaru da milimita huɗu, aninan sun gusa daga layukansu, haɗin allunan biyu kuma ko gashi ba zai shiga ba.